Shukar Ƙasar Ƙanƙara a Tsakar Gidan Yaya

Muna sallame sallar asuba ranar Laraba na saɓa jakata muka nufi tashar Tasawa, ni da wani maƙwabcina, tsohon majo da ya yi ritaya daga aikin likita. Ku da kuka saba ganin ina sa muku hotunan dashen mangwaro da lemo daga lambuna, yau sai ku yi haƙuri, ba talla na zo yi ba. Raina a ɓace na tafi, a ɓace na dawo, kuma in ban amayar da abin nan ba cikina zai kumbura.

Bari in fara da abin da ya tayar da ni. Ina da yaya mace, Yaya Hasiya, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Tana zaune a wani ƙauye gaba da Gidan Amumune, a ƙasar Mayahi, inda aure ya kai ta tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata duk suna ɗakunan mazansu, ɗanta namiji guda ɗaya, Lawali, shekararsa bakwai ke nan a ƙasar Suwidin, can ƙuryar arewacin Turai inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Ranar Talata da la'asar maƙwabciyarta Dije, wata Bafillatana mai kawo mata nono, ta ari salula ta kira ni. Ta ce kwana biyar ke nan da Yaya ta faɗi da bokitin ruwa a ka a hanyar rijiya, ƙugunta ya bugu, da sanda take jan ƙafa, kuma ta hana kowa ya gaya mini. An ce a kai ta likita, ta ce ba inda za ta je saboda baƙinta. Na ce waɗanne baƙi? Dije ta ce shukar nan da Lawali ya aiko.

Sai a lokacin na tuna. Da sanyin bana wani abokin Lawali ya zo hutu, ya kawo wa Yaya tsaraba: kwalba biyu ta wani jan abu mai kauri da aka dafa da sukari, da wasu ƴan tsirrai shida a naɗe cikin leda. Lawali ya aiko mini saƙon murya ya ce sunan abin lingon, shi mutanen can ke ci kamar yadda muke cin magarya. Na yi dariya na ce yaro man kaza, na manta da zancen. Ni da nake rainon itace shekara ashirin da wani abu, ban ɗaga waya na tambayi abin da Yaya ta yi da su ba. Wannan laifina ne, na faɗe shi tun yanzu kafin in fara rabon na sauran.

A tasha direba ya rantse mana saura mutum ɗaya mota ta tashi. Mutum ɗayan nan muka jira har rana ta fito ta fara cizo, kuma da ya zo sai ya zama mutum shida. Motar mai wuri goma sha tara ce, amma da na ƙirga kawuna sai na bari a ashirin da biyar don kada in ƙara wa kaina ɓacin rai, ban da awaki biyu a sama da ke ta kuka. Jika biyu da rabi, wato sefa dubu biyu da ɗari biyar, aka karɓa kowane kai, kuma gwiwata a cikin bayan wani mai buhun albasa ta yi tafiyar. Hanyar kuwa wani wuri sumul, wani wuri a sauka a bi gefe cikin rairayi mota na nishi. Bazara ta kai bazara. Gonaki fayau, ba komai sai guntayen karan gero da gawo, nan da can magidanta na sassabe suna tara ƙaya. Sai da muka kusa Gulbin Kaba idona ya ɗan huta da ganin goruba.

A cikin motar nan na zaro salula na shiga karanta yadda ake noman lingon ɗin. Wayyo, gara ban karanta ba. Ashe ɗan guntun tsiro ne, ko gwiwa ba ya kaiwa, ganyensa ƙanana masu kauri da sheƙi, ƴaƴansa jajaye kamar girman wake. A daji yake fitowa da kansa, ƙarƙashin manyan itatuwa, a ƙasa mai tsami mai laima. Ba ya son taki mai yawa, toka kashe shi take yi, ruwa mai kanwa ma haka. Kuma ba ya fure sai ya kwana watanni cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Ku gaya mini, don Allah, a ina za a samo wannan a ƙasar Mayahi, inda ƙarfen amalanke ke ƙona hannu tun hantsi? Abokin tafiyata ya ce in rage tsaki, mutane sun fara duban rufin mota suna neman tsaka.

Mun shiga Mayahi da hantsi. Ba ranar kasuwa ba ce, gari shiru, sai masu shayi da masu sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba a bakin hanya. Muka zauna wurin wata mata muka sha koko na dala ashirin-ashirin da ƙosai mai zafi, kuma in faɗi gaskiya, ƙosan nan shi kaɗai ne abin da ya yi mini daɗi a tafiyar duka. Da muka nemi kabu-kabu, suka kalli takalmin majo da agogonsa suka ce jika huɗu kowane babur. Na ce musu ni ba ɗan proje ba ne mai cin kuɗin ƙungiyoyin Turawa, ɗan ƙasa ne, ƙauyen ma na san shi tun ba a haifi uban wani a cikinsu ba. Da ƙyar da jan rai aka tsaya a jika biyu da rabi. Hanyar arewa rairayi ce zalla, babur na wutsil-wutsil kamar kifi. Sau ɗaya na waiga na ga majo zaune a ƙasa, hularsa a gefe, yana karanta wa mai babur tarihin kakanninsa. A Gidan Amumune muka tsaya na sayi goro da sukari da ganyen shayi da sabulu, muka ƙarasa ƙauyen ana kiran azahar.

Tun kafin in sauka daga babur na san an yi ɓarna. Gidan Yaya daga nesa ake gane shi da wata magarya ƴar aure da ke tsakar gida, wadda ni da hannuna na aura mata shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ƴaƴanta manya kamar ƙwan zabo, inuwarta ta ishi tabarma uku. Na duba sama da danga, ba komai sai rana. Na shiga da sallama a bakina, sai ga kututture. An sare ta. Rassanta masu ƙaya kuma an kewaye wani ɗan fili da su, kusa da kututturen, a tsakiyar rana ƙiri-ƙiri.

Na leƙa cikin shingen. Ramuka shida. Huɗu busassun tsinke ne kawai a tsaye, amma ƙasarsu a jiƙe take, wato har su ana ba su ruwa. Biyu na da sauran ganyen da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, bakinsu duk ya ƙone. An zuba musu toka har ƙasar ta yi fari, an tula kashin awaki a gindin kowanne, gefen ramukan kuma farin kanwar ruwan rijiyar garin ya bushe a kai. Jama'a, duk abin da na karanta a mota cewa yana kashe tsiron nan, Yaya ta yi shi, ba ta bar ko ɗaya ba. Kuma ba da ganganci ba. Abin da uwarmu ta koya mata ne: shuka ba ta yi a inuwa, toka na korar ƙwari, taki shi ne abincin ƙasa. Da kuɓewa ce ko kabewa da yanzu ta rufe danga.

Na same ta a inuwar rumbu, don nan kaɗai inuwa ta rage a gidan, zaune a tabarma ta miƙe ƙafa ɗaya. Ta rame, leɓenta ya tsage. Ta ce, «Auta, wa ya tayar da kai cikin ranar nan?» tana hararar Dije da ke tsaye a bakin ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda ya kamata, na haɗiye abin da ke bakina, don ba a fara faɗa da babba kafin a sha ruwa. Matan ƙanin mijinta, da suke gida ɗaya, suka kawo mana fura mai sanyi da nonon Dije.

Muna cikin sha ta sa aka ɗauko mata wata kwalla daga ɗaki. Ta buɗe, ta warware zane, ta warware wani ƙyalle a cikin zanen, sai ga kwalbar. Ɗayar tuni ta ƙare, don kusan duk ƙauyen sai da ya zo ɗanɗana tsarabar Turai. Ta ɗebo mana a bakin cokali kamar mai ba jariri magani. Na sa a baki. Tsami kamar na yakuwa, da zaƙin sukari, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Ba laifi, amma wallahi bai kama ƙafar tsamiyar da aka jiƙa ta kwana ba. Dije ta ce ran nan an so a dama shi cikin fura, ta ce a bari sai ta tafi, kada a wulaƙanta mata nono a gabanta. Wasu mata kuma sun yanke cewa maganin jiri ne, har ana aiko roƙon a shafa a harshe. Na gaya musu a can da nama da dankali ake cinsa, wasu su jiƙa su sha kamar zoɓo. Suka yi ta dariya wai miya da sukari. Yaya ba ta yi dariya ba, ta mayar da murfi ta sake naɗe kwalbarta.

Nan majo ya nemi izini ya duba ta. Ƙafar ta kumbura tun daga ƙugu, ba ta iya ɗaga ta daga tabarma sai ta tallafa da hannu. Ya ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya duba, ya sake ɗaurawa. Da muka keɓe ya ce yana tsoron ƙashi ya tsage, dole a ɗauki hotonsa a babbar likita, wato asibiti, kuma jininta ya hau sosai, jikinta babu ruwa. Dije ta biyo mu ta ƙarasa mini labarin. Kafin ta faɗi, bokiti biyar Yaya ke ɗaukowa a rana, ɗaya bayan kowace salla, daga rijiyar da ke bayan gari, mai zurfin da sai da shanu ake jan guga. Ba ta yarda kowa ya ɗauko mata, wai ba za ta ɗora wa ƴaƴan mutane wahalar abin da ba abinci ba. Tun da ta faɗi kuwa, ruwan shan da matan gidan ke zuba mata a randa shi take ja da gindi ta kai wa shukar, ita ta kurɓi abin da ya rage. A cikin bazarar nan! Mace mai shekara kusan sittin tana rabon ruwan sha da ciyawa.

Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana ta gaya wa ɗanta abin ya ƙi. Lawali ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ta raine shi, ita sai dai ta ce «wancan». In ya kira waya, salular ƙanin ubansa yake kira, a ce mata yana gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta ce a ce mishi lafiya lau. Shekara talatin da huɗu haka suke. Kunya ce, tarbiyya ce, ni ma a cikinta na tashi kuma ban taɓa ganin aibinta ba sai ranar nan. Matar da ba ta iya ce wa ɗanta ta yi kewarsa, an kawo mata wani abu mai rai daga hannunsa. To duk abin da ta riƙe a ciki shekara bakwai sai ta juye shi a ramuka shida.

Na koma na zauna gabanta na ce gobe da safe za mu wuce Tasawa tare. Ta ce sai ruwan sama ya sauka, lokacin baƙinta sun samu mai shayar da su. Ruwan sama, wata biyu nan gaba in an yi sa'a. Na ce Dije za ta riƙa ba su ruwa. Ta ce ba wanda ya san ma'auninsu sai ita. Nan fa haƙurina ya ƙare. Na gaya mata abin nan ba zai taɓa yin ƴaƴa a ƙasar nan ba ko da madara za a shayar da shi, na gaya mata tokarta da takinta su ke kashe shi, na gaya mata inuwar magaryar da ta sa aka sare ita kaɗai ce ma za ta ɗan ja mishi kwana. Har na ce mata huɗun can matattu ne, gawa take wa wanka. Muryata har waje, na ga kawunan mata ta saman danga.

Ta bari na gama tas, sannan ta ce, «Auta, abin da aka ɗauko maka daga wata duniya ba ka bari ya mutu a hannunka. In wancan ya tambaya, me za a ce mishi?»

Na ce to bari in tuge su yanzu kowa ya huta, na miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, «Ka taɓa su, ka manta da bayan da ya goye ka.»

Na koma na zauna. Me zan yi? Majo ya gwada nasa lallashin, ƙanin mijinta ya zo ya gwada, har liman aka kira bayan la'asar ya yi mata nasiha a kan haƙƙin jiki. Kowa ta ce mishi to, in Allah ya kawo ruwa. Ni kuwa ina zaune ina tafasa, kuma ba ita nake jin haushi ba kamar wancan ɗan nema da ke zaune cikin sanyi bai san wainar da ake toyawa ba.

A gidan, wuri ɗaya ne salula ke kama rezo har a iya kira, jikin rumbun nan, taku biyu daga tabarmarta. Na tsaya a wurin na kira Lawali. Kuma na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, da gangan na yi, na san tana ji, na san ba a yin haka tsakanin uwa da ɗan fari. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. So nake ya ce mata da bakinsa ta tafi likita, shi ke nan abin da na nufa. Bayan gaisuwa na ce mishi ina ƙauye, ina tsaye a kan shukar da ya aiko.

Sai yaron nan ya fashe da dariya. Ya ce, «Kai Kawu, wai har yanzu suna nan? Ai na zaci tun satin farko suka bushe. A bakin hanya na tuge su ranar da abokina zai taso, na ga jakarsa da sauran wuri. Don dai Inna ta ga irin ganyen ne. A zubar da su kawai, a nan ko kallonsu ba a yi.»

Ban waiga ba, amma na ji ƙarar sandarta a ƙasa, na ji tana jan ƙafa, na ji an saki labulen ɗaki. Sannan na buɗe wa Lawali wuta. Na gaya mishi bokiti biyar, na gaya mishi faɗuwar, na gaya mishi ruwan randa, na gaya mishi magarya. Na ce kai da ka yi karatu har ka ƙetare teku, ba ka san wace ce uwarka ba? Ba ka san ko tsinken sakace ka aiko sai ta yi mishi ɗaki ba? Dariya ta ɗauke. Can na ji yana cewa me ya sa ba wanda ya gaya mishi, kullum ya kira sai a ce lafiya lau. Na ce ka taɓa tambayar abin da ya wuce lafiya lau? Ya ce a kai mata wayar. Na ce ka fi ni sanin ba za ta karɓa ba. Na kashe.

Ba ta fito ba har muka yi magariba. Tuwon da aka kai mata haka aka fito da shi. Majo ya ce mini, cikin natsuwarsa mai ban haushi, na yi aikin likita da gatari. Na san gaskiya ya faɗa.

Da gari ya waye na fito daga masallaci na tarar da ita zaune a bakin ɗaki, ta yi wanka, ta ɗaure kayanta a zane, mayafinta a kafaɗa. Ba ta ce mini za ta je ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙanin mijinta ya ɗaura wa sa amalanke, aka shimfiɗa katifa a kai. Da aka zo ɗaukarta ta ɗaga hannu a dakata. Ta dogara sanda, ta ja ƙafa har bakin shingen, ta sa kan sandar ta ture reshen ƙayar da ke rufe ƙofarsa. Awakin gidan, da suka yi wata huɗu suna zagaya wurin ana korarsu, ba su jira gayyata ba. Kafin a ɗora ta a amalanke sun cinye shukar tas. Dije ta juya baya ta rufe fuska da gefen zane. Ni da na zo da niyyar tuge su da hannuna, wallahi sai na kasa kallo.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Amalanke ta kai mu Gidan Amumune rana na tsakar ka, majo na riƙe mata lema, ni ina tafe a ƙasa ina jiƙa mata ƙyalle. Can muka samu wata mota mai zuwa Mayahi, na sayi wurin gaba duka biyu don ta miƙe ƙafa. Kowane rami motar ta faɗa sai in ga ta runtse ido, amma ko uhum ba ta ce ba. A Mayahi na sayo mata ruwan leda mai sanyi da ƙanƙarar dala hamsin, ta shanye leda uku a jere, abin da ya ƙara nuna mini irin ƙishin da ta daɗe tana dannewa. Tun daga ƙauye har muka wuce gorubar Gulbin Kaba ba ta yi magana ba. Sai da fitilun Tasawa suka fara bayyana, ina zaune a bayanta, ta ce ba tare da ta waigo ba, «A can, wa ke ba su ruwa?»

Na ce ba kowa, Yaya, a daji suke fitowa da kansu.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, «To. Ashe ba su da bukatar kowa.»

Washegari aka ɗauki hoton ƙashi. Ya tsage, kamar yadda majo ya yi zato, amma bai rabu ba. Likita ya ce da ta ƙara mako ɗaya tana jan jiki a kai, da sai dai a riƙa ɗaukarta har ƙarshen rayuwarta. Yanzu tana kwance a ɗakin uwargidana, an ce sati shida ba ta taka ƙasa, tana shan maganin tansiyo. Tana ci, tana salla a zaune, tana amsa gaisuwa. Amma Yayar da na sani mai tsokanar matata a kan gishirin miya ba ita aka kawo ba, kuma na san da hannuna a ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗi. Ku ƴaƴanmu da ke waje, ku san abin da kuke jefawa a jaka don cike wuri. Ku a wurinku ganye ne, wanda kuka bari a gida kuwa ba ganye yake karɓa ba, ku yake karɓa. In za ku aiko abu ku aiko da bayaninsa, in na gani ne a zubar ku faɗa tun farko. Mu kuma na gida, wannan lafiya lau da muke yi wa juna a waya ta kusa gurgunta mini ƴar'uwa, don gida guda na manya sun zuba ido wata huɗu ba wanda ya iya buɗe baki. Ni kaina kuma na koyi cewa mai gaskiya ma yana ɓarna in ya faɗe ta da zafin kai. Na tafi in ceto ƙafarta, na ceto, amma da na kira yaron nan a bayan gari ni da shi, da ta taho da ƙafarta da zuciyarta duka.

Lawali ya kira sau tara tun dawowarmu. Jiya ya ce in gaya mishi abin da zai aiko, magani ne, keken guragu ne, ko me. Na ce kada ya kuskura ya ƙara aiko ko allura, shi nake so ya zo. Ya ce zai nemi hutu wurin aiki, wataƙila bayan damina. Ban gaya wa Yaya ba, na kuma gargaɗi mutanen gidana kada wanda ya gaya mata. Sai ranar da na ga ƙafarsa a zaurena za ta ji, don na riga na ga abin da take yi wa kanta a kan duk abin da ya fito daga wurin yaron nan.